HAKKIN ƊAN KOYO: KO ILIMI YA ISA YA ZAMA LADAN GUMI?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da nake so in shimfiɗa a wannan fili domin mu duba ta tare. Tambayar ita ce: yaron da ya zo koyon sana'a wurin gwani, yana wuni yana aiki, shin yana bin ubangidansa bashin lada, ko kuwa ilimin da ake ba shi ya wadatar? Da jin tambayar mutum zai zaci amsarta a bakin kowa take. Amma in ka tambayi mai gareji a nan Tudun Wada, sa'an nan ka sunkuya ka tambayi yaron da ke kwance a ƙarƙashin mota a garejin nan, za ka ji amsoshi biyu masu karo da juna, kuma kowannensu yana da tasa gaskiyar.

Na zaɓi in ɗora maganar a kan jirgin ƙasa saboda dalili biyu. Na farko, Zariya garin reluwe ce, kuma da yawa daga cikin sana'o'in ƙarfe na zamani ta hanyar dogo suka shigo mana. Na biyu, akwai wani irin jirgin ƙasa a duniya wanda ba don riba ake gudanar da shi ba, sai don adana tarihi, kuma a wurinsa ne wannan tambaya ta fi tsauri, domin a can babu wani attajiri da za a nuna da yatsa a ce shi ne yake cinye gumin yara.

Zariya da hanyar dogo

A tsakanin 1907 da 1911 aka shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Zariya ya kai Kano. A 1912 aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko. Daga Zariya ne kuma aka cire wani siririn layi, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya kai Jos da Bukuru a 1914 domin kwaso kuza, aka yi ta aiki da shi har zuwa 1957 da aka rufe shi. Wani reshen kuma ya tashi daga nan ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ta haka Zariya ta zama mararraba, aka kafa wuraren gyaran kawunan jirgi da taragai, Sabon Gari ya cika da ma'aikata, Tudun Wada kuma ta zama masaukin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan cikin birni ba.

Kakanninmu da suka yi aikin diga, watau haƙa da jidon ƙasa na shimfiɗa wannan hanya, yawancinsu ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su, ba da son ransu ba. An ɗan biya su, amma ba a koya musu kome ba. Aikin gwaninta kuwa, irin su fita da tuƙi da akawu, da farko yana hannun Turawa ne da mutanen Kudu da na Saliyo da Gwalkwas. Sai a hankali 'ya'yan ƙasa suka riƙa shiga ta ƙofar koyo. Yaro zai yi shekaru yana bin gwani, yana share toka, yana shafa mai, yana miƙa sifana, har ranar da za a yarda ya taɓa tukunyar jirgi da kansa. Michael Imoudu, wanda ya shugabanci ƙungiyar ma'aikatan reluwe, shi ma ta wannan ƙofa ya bi. Kuma ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan babban yajin aikin da aka yi a 1945, wanda ya ɗauki fiye da kwana arba'in, a kan neman ƙarin kuɗi saboda tsadar rayuwa da yaƙin duniya na biyu ya haddasa. Ke nan maganar koyo da maganar lada tun asali tare suke tafiya a kan dogon nan namu.

Daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal, masu tururi kuma suka yi ta ja da baya har suka ƙare. Da ƙarewarsu sai wani ilimi ya fara bin su kabari: yadda ake hura wutar kwal ta ci daidai, yadda ake sauraren numfashin tukunya a gane inda take yoyo, yadda ake ɗaure farantin ƙarfe da jan ƙusa mai zafi. Irin wannan sani a hannu yake zaune, kuma daga hannu yake ƙaura zuwa wani hannun.

Jiragen adana tarihi

A Birtaniya, inda jirgin ƙasa ya samo asali, sun ga wannan hasara tana tafe, sai waɗansu suka tashi tsaye. A 1951 wata ƙungiya ta masu sha'awa ta karɓi wani ɗan ƙaramin layi mai suna Talyllyn a yankin Wales, wanda a da yake jigilar dutsen rufin ɗaki, suka ci gaba da gudanar da shi da aikin sa kai. Shi ne na farko irinsa a duniya. Bayan hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da masu tururi a 1968, irin waɗannan layuka suka yawaita, har suka haura ɗari. Mutane sukan sayi tikiti su shiga don nishaɗi da ganin yadda kakanninsu suka yi tafiya. Kuɗin tikiti da gudummawar jama'a su ne abin da suke rayuwa a kai.

To, amma tsohon kan jirgi ba ya gyara kansa. Gwanayen da suka san shi suna tsufa suna mutuwa, don haka tilas manyan layukan, irin su Ffestiniog da Severn Valley, suka riƙa ɗaukar samari 'yan koyo. A nan ne gizo yake saƙa. A dokar ƙasar akwai mafi ƙarancin lada na musamman ga ɗan koyo, wanda aka fara a 2010 a kan fam 2.50 a kowace awa. A 2025 ya kai fam 7.55, alhali kuwa na cikakken ma'aikaci baligi fam 12.21 ne. Saurayin da zai bar garinsu ya koma ƙauyen da layin yake, ya kama hayar ɗaki, ya ci ya sha a kan wannan lada, lalle sai ya ɗaure ciki. Ga shi kuma a gefensa akwai dattawa masu cin fansho suna aiki kyauta da fara'arsu. In ya buɗe baki ya ce a ƙara, da wane ido za a dube shi?

Hujjar ubangida

Kada mu yi gaggawar yanke hukunci kafin mu saurari mai koyarwa, ko na can ko na nan gida, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Yakan ce: yaron nan ya zo mini bai san hagu daga dama ba. A shekarar farko ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Ya karya mini kayan aiki, ya lalata kayan mutane na biya, na bar aikina na tsaya ina nuna masa. Ɗalibin jami'a shi yake biyan kuɗi a koya masa, babu wanda ya taɓa cewa malami ya biya ɗalibi, to don me ni zan koyar kuma in biya? Daɗin daɗawa, ranar da ya ƙware tafiyarsa zai yi, watakila ma ya buɗe nasa shago a gefena ya janye mini masu kawo aiki.

Mai layin tarihi kuma yana da ƙarin hujja. Yakan ce: mu ba riba muke nema ba, abin da ya shigo a kan kwal da gyara yake ƙarewa. In aka tilasta mana biyan ɗan koyo kamar cikakken ma'aikaci, maimakon yara huɗu ɗaya za mu ɗauka, ko ma mu daina ɗauka, sana'ar ta mutu, kowa ya yi hasara.

Na yarda da abu biyu a cikin wannan magana. Ilimi dukiya ne, kuma wanda ya ba ka sana'a ya ba ka abin da ɓarawo ba ya sacewa. Haka nan ba adalci ba ne a daidaita ladan wanda ya zo jiya da na wanda ya yi shekara ashirin a bakin wuta. Inda na rabu da ubangida shi ne wurin da yake tsallakewa daga cewa ilimi wani ɓangare ne na ladan yaro zuwa cewa ilimi shi ne ladan gaba ɗaya.

Abin da aka manta

Ɗan koyo ya bambanta da ɗalibin aji ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Abin da ɗalibi ya rubuta a jarrabawa malami ba ya kai shi kasuwa. Amma taya da yaro ya kwance, ko wuyan rigar da ya ɗinka, ko tukunyar jirgin da ya kankare, duk aiki ne da ake karɓar kuɗi a kansa. A ƙaddara yaro zai yi shekara biyar yana koyo. Mu ce a shekarar farko shi ake yi wa hidima. A ta biyu ya fara mayar da abin da aka kashe masa. Daga ta uku zuwa ta biyar kuwa, sau da yawa shi ne yake riƙe da shagon, ubangida yana zaune a inuwa yana ciniki. In har a wannan lokaci ana nan ana ce masa ilimi ake ba shi, to an kai ga abin da Hausawa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sau da yawa masu wannan hujja sukan fake da al'ada, su ce ai haka muka gada. Ni kuwa ina ganin al'adar tana ba da shaida ne a kansu. A tsarin da, yaron da aka kai wurin maƙeri ko maɗinki ko marini, in ba ɗan gado ba ne, ɗan gida yake zama. A tukunyar gidan yake ci, a zauren gidan yake kwana, ranar salla a ɗinka masa riga tare da 'ya'yan gida. In ya yi ciwo ubangida ne mai nemo magani. In ya isa aure shi yake tsaya masa, ya ba shi kayan aiki ko jari ya yaye shi. Ba a kira wannan albashi ba, amma lada ne cikakke, kuma mai nauyi. Ko 'yan'uwanmu Ibo na Sabon Gari, har yanzu yaron da ya yi wa ubangidansa shekarun da aka yanka yana da hakkin a sallame shi da jari, kuma wanda ya hana abin kunya ne gare shi a cikin danginsa.

Abin da ya faru a wurare da yawa a yau shi ne an riƙe rabin al'adar an yar da rabi. An riƙe ladabi da biyayya da aikin kyauta, har da aike da wanki na gidan oga, an yar da ci da sutura da magani da jari. Wani wurin ma iyayen yaro ne za su biya kuɗin koyo da farko, su kuma biya na yaye a ƙarshe, a tsakani su ne masu ciyarwa. Wanda ya karɓi hakkin uba a kan yaro, ya wajaba ya ɗauki nauyin uba. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Game da layukan tarihi kuwa, hujjar rashin riba tana da rauni a wuri biyu. Na farko, dattijon da yake aiki kyauta sadaka yake yi daga abin da ya tara, kuma da yardarsa. Saurayin da bai mallaki kome ba sai ƙarfinsa da shekarunsa, in aka rage masa lada don yana son aikin, an karɓi sadaka ne daga hannun wanda ya fi kowa bukata, ba tare da an tambaye shi ba. Son da mutum yake yi wa aiki ba ya biyan kuɗin haya. Na biyu, a sana'ar da take gab da mutuwa, wa yake yi wa wani alheri? Mai koyon gyaran wayar hannu kasuwa tana jiransa a kowace kusurwa. Mai koyon gyaran tukunyar tururi kuwa wuraren da za su ɗauke shi 'yan kaɗan ne. Ya ba da ƙuruciyarsa ya zama rumbun da al'umma take ajiye abin da take tsoron ya ɓace. Ashe kuwa sana'ar ta fi bukatarsa fiye da yadda yake bukatarta.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Duk aikin da ladansa bai isa riƙe rai ba, ƙofarsa a rufe take ga ɗan talaka, ko da an rubuta a jikinta cewa kowa ya shigo. Wanda iyayensa za su iya ciyar da shi shekara huɗu shi kaɗai zai jure. Ɗan marasa hali kuwa, kome basirarsa, yunwa za ta kore shi zuwa acaɓa ko dako, inda ake samun na yau a yau. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin takaici ne a ce sana'ar da 'ya'yan leburori suka gina da hannunsu ta koma abin wasan masu hali.

Ina ma'aunin adalci yake?

A ganina ma'aunin yana da ƙafa huɗu. Ta farko, a san sharaɗi tun ranar farko: shekara nawa, me za a koyar, me za a bayar, a gaban shaidu. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san wa'adi da lada a cikin ijara domin a toshe ƙofar jayayya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ita ma ta tanadi a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, kuma kada wa'adinta ya wuce shekara biyar. Sai dai ina shakka ko mutum ɗaya cikin masu garejin da muke wucewa kullum ya taɓa jin labarinta. Dokar mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau ba ta leƙa inda yawancin 'yan koyonmu suke.

Ta biyu, abin riƙe rai daga ranar farko: abinci, kuɗin mota, sabulu, da magani in aiki ya ji masa rauni. Wannan bai dogara da ƙwarewa ba, ya dogara ne da cewa an tsare yaro wuni guda an hana shi neman na kansa.

Ta uku, lada mai hawa kamar matakala. Ranar da aikin yaro ya fara kawo kuɗi, ranar ya fara samun rabo a ciki. Ko dokar Birtaniya da na ambata ta lura da wannan, domin ƙaramin ladan nan na wanda bai kai shekara 19 ba ne, ko wanda yake shekararsa ta farko. In ya wuce haka sai a biya shi kamar sa'o'insa.

Ta huɗu, a yaye shi da abin da zai tsaya da ƙafarsa, ko kayan aiki, ko jari, ko takardar shaida da ake ganin mutuncinta. A inda kuma sana'a ta zama ta adana tarihi, nauyin ladan bai kamata ya tsaya a kan ubangida shi kaɗai ba. In al'umma ce take son a adana mata abin, to al'umma ta biya, ta hanyar gwamnati, ko ƙarin kuɗin tikiti, ko gudummawar masu hannu da shuni. Masu ba da gudummawa sun fi son a ce kuɗinsu ne ya fenti kan jirgi, domin ana ganinsa a ɗauki hoto. Ya kamata su san cewa ciyar da yaron da zai iya gyara shi bayan shekara talatin ya fi fentin daɗewa.

Kammalawa

Mu a Nijeriya adana tarihin reluwenmu bai yi nisa ba. Akwai ragowar kayan siririn layin nan na Zariya zuwa Jos a gidan tarihi na Jos. Akwai kuma gidan Jaekel a Ebute Metta ta Ikko, wanda wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ta gyara ta mai da shi ɗan gidan tarihin reluwe. Amma ƙarfe ne muke ajiyewa, masu sanin ƙarfen kuwa suna ta tafiya. Tsofaffin ma'aikatan da suka ga zamanin tururi a Zariya saura kaɗan. Ga shi kuma a garin nan muke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986, ga jami'a, ga sabbin layuka ana shimfiɗawa, na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Duk ranar da muka yi niyyar haɗa dattawan nan da samari domin a kwashi abin da ke hannunsu, wannan tambaya za ta tare mu a bakin ƙofa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ba ta tsaya a kan reluwe ba. Da yawa daga cikinmu mun je ko za mu je koyon aiki a ma'aikatu a ƙarƙashin shirin nan da Asusun Horar da Ma'aikata ya ɓullo da shi a 1973, mun kuma san ɗacin jiran alawus. Gobe mu ne za mu zama shugabannin ofisoshi da masu kamfanoni, yara za su zo koyo a ƙarƙashinmu. A ranar nan sheɗan zai raɗa mana cewa ai mu ma haka muka sha. Wahalar da mutum ya sha ba ta ba shi izinin ɗora wa na bayansa irinta ba. Abin da nake roƙo shi ne kowannenmu ya tambayi kansa: yaron nan da yake koyo a hannuna, ya ci abinci yau? Kuma kuɗin da aikinsa ya kawo, nawa ne ya koma aljihunsa?

Na san a cikin masu karatu akwai 'ya'yan masu sana'a waɗanda suka ga abin ta ɗaya gefen, kuma ina fata wani zai ɗauki alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin na ƙasa da mu, amin.